Bahago Ma Yana Saƙa: Hanyoyi Uku da Abin da Ke Juyewa

Masana sun daɗe suna ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne. Ke nan a ajin da ke da ɗalibai hamsin, za a iya samun kamar biyar da hannunsu na hagu ya fi na dama saurin aiki. Amma ku leƙa ajin koyon saƙa ku ƙirga, da wuya ku ga biyar ɗin. Wasu an mayar da su dama tun suna firamare, wasu kuma sun gwada sati biyu, zare ya cukurkuɗe, aka ce musu ba su da hannun sana'a, suka haƙura. Ni bahaguwa ce, ina shekarar ƙarshe ta difloma, kuma da saƙar kayan sanyin jarirai nake biyan kuɗin mota da na takardu. Don 'yan uwana bahagwai na rubuta wannan, da kuma masu koya musu.

Mu fara da abin da ke sa a ji nauyi. A tarbiyyarmu da dama ake ci, da dama ake bayarwa da karɓa, kuma ni ma haka nake yi, ban da ja a kai. To amma riƙe tsinken saƙa ai ba cin tuwo ba ne. A fagen dambe ma kowa ya san bahago abin shakka ne, har laƙabi ake yi da sunan. Barack Obama na Amurka da hagu ya riƙa sa hannu a takardun mulki, kuma tun 1976 ake ware 13 ga Agusta a matsayin ranar bahagwai ta duniya.

Saƙar hannu da muka sani iri biyu ce: ta kwarashi, wato tsinke ɗaya mai ƙugiya a baki, da ta tsinke biyu. A ta tsinke biyu, yadda littattafai ke koyarwa, zobban zaren suna kan tsinken hagu, ana kwaso su ɗaya bayan ɗaya zuwa tsinken dama. Bahago yana da hanya uku a nan.

Ta farko ita ce salon Ingila, wanda aka fi koya mana. Zare yana hannun dama, dama ce ke zagayo da shi kan tsinke, hagu riƙo kawai take yi. Wannan ita ce ta fi wahalar da mu, don hannun da ya fi ƙwarewa shi aka bari yana zaman banza.

Ta biyu salon Jamus. Zare yana rataye a yatsan hagu, hagu ce ke lura da tsaurinsa da sassaucinsa, tsinken dama kuma ya ɗan tsinto shi kawai. Aikin ya rabu tsakanin hannu biyu, dama an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daɗinta shi ne saƙar tana tafiya ta inda ta kowa ke tafiya, saboda haka duk tsarin da aka rubuta za ki bi shi yadda yake. Ita nake amfani da ita, kuma ita nake fara ba wa sabon shiga shawara ya gwada.

Ta uku ita ce juyin madubi. Komai a juye: zobba suna tashi daga tsinken dama su koma na hagu. Hannu yana sakewa sosai, amma akwai lissafi. Idan mai dama ya haɗe zobe biyu don rage faɗi, ragin zai karkata dama. Naki zai karkata hagu. Ɓangaren gaban riga da aka rubuta na dama, a hannunki na hagu zai fito, ramin maɓalli ya koma ɗaya gefen. Wanda ya fi ban haushi shi ne rubutu: ki bi umarnin layi-layi ki saƙa sunan jariri a hula, sai ki ga haruffan sun fito baibai, kamar an haska su a madubi. Maganinsa, in tsarin zane ne mai gida-gida, layin da mai dama ke karantawa daga dama zuwa hagu ke ki karanta shi daga hagu zuwa dama. In kuma rubutu ne, ki ɗauki biro tun kafin ki fara, duk inda aka ce dama ki mayar hagu.

A kwarashi babu dogon zaɓi. Ki riƙe shi da hagu, zare a dama, layinki ya tafi daga hagu zuwa dama. A nan ma muna da wata 'yar riba da ba kowa ya sani ba. Yawancin zaren ulu na kasuwa, irin wanda muke saye a Ƙofar Wambai da Sabon Gari, murɗinsa na ƙarshe yana kwance ne kamar tsakiyar harafin S. Mai kwarashi da dama yakan warware wannan murɗi yana cikin aiki, zaren ya riƙa tsagewa. Bahago kuwa ƙara matse shi yake yi.

Ga mai koyarwa, dabarar ba ta da tsada: kada ki zauna gefen ɗalibarki, ki zauna kuna fuskantar juna. Damarki ta zama hagunta, ta kwaikwayi abin da take gani kai tsaye. In bidiyo ne a YouTube, akwai waɗanda aka yi musamman don bahagwai, ko ki jingina waya gaban madubi ki kalli madubin.

Yanzu batun inji, tunda mu 'yan poli ba a tsinke za mu tsaya ba. Tun 1589 William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila, kuma jikokin wannan inji ne ke fitar da suwaita da safa da singileti a yau. Injin saƙa na kan tebur, irin su Brother da matan unguwa ke ɗinka kayan sanyi da shi, bai damu da hannunki ba sosai, don abin turawar zuwa yake yi ya dawo, kowane zuwa layi ɗaya. Abin lura kawai, littafinsa yakan ce a fara abin turawar yana gefen dama. Ki bi hakan, kada lissafin layinki ya saɓa da na littafi.

Inda ake buƙatar buɗe ido shi ne masana'anta. Da yawanmu SIWES kan kai mu Bompai, ko Sharaɗa, ko Challawa, inda kamfanin yadi na ATM yake. Injinan irin waɗannan wurare don masu dama aka tsara su. Keken ɗinki na masana'anta, wilinsa da sandar ɗinkin baya suna dama, abin ɗaga ƙafar keken ma da gwiwar dama ake tura shi. Ranar farko ka faɗa wa ogan sashe cewa kai bahago ne, ba abin kunya ba ne. Ka nemi maɓallin tsayar da inji, ka gwada kai masa hannu inji yana kashe, domin in zare ya kama hannun riga, hannun da ya saba shi ke fara zabura. Sai almakashi. Na masu dama in ya shiga hannun hagu, yatsu suna buɗa bakinsa ne maimakon su matse shi, yadi ya riƙa tauna, ga ƙarfen sama ya rufe maka layin da kake bi. In ka samu na bahagwai, saya ka rubuta sunanka a jiki.

Me ya sa na dage a kan wannan? Kowa a Kano ya san yawancin masaƙun da iyayenmu suka yi aiki a cikinsu sun rufe, kuma kayan waje sun cika Kantin Kwari. Takardar difloma kaɗai ba ta da tabbacin kai mutum bakin get ɗin kamfani. Amma hunturu bai taɓa fasa zuwa ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu uwaye na neman hula da safa da rigar sanyi, makarantu na neman suwaita mai kalar yunifom. Asara ce babba a ce ɗalibi ya bar wannan kasuwa saboda an zaunar da shi a gefen da bai dace ba.

Saboda haka, 'yar uwa, sayi ƙullin zare ɗaya mai haske, mai ɗan kauri, don ki riƙa ganin zobbanki. Ki ba wa salon Jamus sati biyu, minti talatin kullum. In hannu ya ƙi, ki koma juyin madubi da bironki a kusa. Kiran da zan yi ga ƙungiyar ɗalibai kuma shi ne a sa almakashin bahagwai ko guda biyu ne cikin kayan ɗakin aiki. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma akwai hannun da ke jiransu a kowane aji.