Kalma ɗaya, fuska biyar: abin da bafatake ya kamata ya sani game da "push"

Duk wanda ya bar Kano, Katsina ko Maraɗi ya zo neman abinci Tamale, yakan tarar da harsuna uku a gabansa: Dagbanci a gari, Hausa a zango da kasuwa, sai Turanci a banki da asibiti da ofis. A cikin Turancin nan akwai wata 'yar gajeriyar kalma mai haruffa huɗu, "push", wadda ke manne a ƙofar kusan kowane banki. Asalin ma'anarta turawa, kishiyarta kuma "pull", wato jawowa. Da a nan ta tsaya, da babu abin rubutawa. To amma kalmar tana sauya riga, kuma rashin gane rigar kan jawo asara.

Mu fara da kasuwa. A Aboabo da babbar kasuwar Tamale za ka ga samari na tura amalanke mai taya huɗu cike da buhunan masara ko doya. 'Yan Ghana na kiransu "truck pusher", sana'a ce ta gumi da halal, kamar masu baro a Kantin Kwari. Amma fa a kula: idan aka yar da kalmar farko aka ce wa mutum "pusher" kawai, a Turanci ana nufin dillalin ƙwaya. Ghana ta yi sabuwar dokar miyagun ƙwayoyi a 2020, wadda ta kafa hukumar NACOC, takwarar NDLEA ta Najeriya, kuma batun tiramol ba ɓoyayye ba ne a arewacin ƙasar nan. Saboda haka idan jami'i ya tambayi yaronka sana'arsa, ya faɗi sunan gaba ɗaya, ko ma ya ce shi ɗan dako ne.

Fuska ta uku ita ce ta kwanan wata, kuma nan ne 'yan kasuwa suka fi tuntuɓe. Idan mai kawo maka kaya daga Kumasi ko tashar jiragen ruwa ta Tema ya rubuto cewa an yi "push back" na ranar isowa, kunnen Bahaushe zai ji "baya" ya ɗauka an matso da ranar kusa, domin mu a wurinmu gobe tana gaba ne, jiya tana baya. Alhali shi yana nufin an ɗage, kayan za su makara. Sai ka biya mota da 'yan dako, su yini a zaune. Ita kuwa "push forward", su kansu Turawan ba su cika haɗuwa a kan ma'anarta ba. Maganin abin ɗaya ne: ka ce a rubuto maka rana da wata da lamba.

Ta huɗu tana cikin waya. Tun da MTN ta kawo MoMo Ghana a 2009, ciniki ya koma aljihu. Matasa kan ce "push" idan suna nufin turo kuɗi. Ɓarayin waya na fakewa da wannan: su kira ka su ce za su turo maka kuɗi, sai saƙo ya faɗo yana neman lambar sirrinka. Ka riƙe wannan da kyau, ɗan'uwa: karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri. Duk saƙon da ya nemi lambar, kuɗi ne za su fita daga asusunka. In kana shakka, ka kashe wayar ka danna *170# ka duba abin da ke ciki da kanka.

Ta biyar ta shafi iyali, ita ce kuma ta fi nauyi. A ɗakin haihuwa, ko a Asibitin Koyarwa na Tamale ko a ƙaramin asibitin unguwa, idan ungozoma ta ce "push", yunƙuri take nufi. Idan ta ce "don't push", tana son mai naƙuda ta dakata ta riƙa numfashi, saboda yunƙuri kafin hanya ta gama buɗewa kan gajiyar da uwa, ya kuma iya ji mata rauni. Amaryar da aka kawo daga gida bara, ba Turanci ba Dagbanci, a wannan halin ba ta da sararin neman tafinta. Maigida, ka koya mata waɗannan biyun tun cikin yana wata bakwai, ko ka haɗa ta da wata 'yar'uwa da ta daɗe a gari ta raka ta awo.

A nan Kalpohin yawancin 'ya'yanmu na zuwa makarantar boko, Turancinsu ya fi namu. Babu kunya uba ya miƙa wa ɗansa waya ya ce, "Karanta mini wannan saƙon, me suke nufi?" Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Allah ya tsare mana dukiya da iyali, ya sa albarka a nema.