Zane da Ƙera Jiragen Ruwa: Ina Ruwan Ɗan Ɗanzomo da Wannan Karatu?

Idan aka tambayi ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare a Ɗanzomo ko Gumel abin da yake son karantawa a jami'a, da wuya ya ambaci zane da ƙera jiragen ruwa. Wannan ba abin mamaki ba ne. Ƙasar Sule Tankarkar da Maigatari da Gagarawa ƙasar yashi ce, babu kogin da ke gudana rani da damina. Ruwan da yaro ya sani shi ne na rijiya da na kududdufi, wanda kan ƙafe tun kafin bazara. To, amma riɗi da zoɓon da ake loda wa manyan motoci a Maigatari tafiyarsu ba ta ƙarewa a Ikko, cikin jirgin ruwa suke isa kasuwannin Asiya da Turai, kamar yadda fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ke tafiya.

Kuma sana'ar ba baƙuwa ba ce a Arewa. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da wani itace sassaƙaƙƙe. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot a Jamus suka tone wurin, suka tarar kwalekwale ne mai tsawon mita 8 da 'yan kai. Awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, wato shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Wanda ya sassaƙa shi ya fiƙe gabansa da bayansa da kyau, alamar ya gaji sana'ar ne daga waɗanda suka daɗe suna yi.

Me ya sa ƙarfe ke iyo?

Jefa ƙusa cikin ruwa, nan take za ta nutse. Amma jirgin ƙarfe mai nauyin tan dubbai yana iyo. Bayanin wannan ya fito daga Arkimidas, masanin Girka da ya rayu fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Duk abin da aka sa cikin ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya kawar. Ƙusa ruwa kaɗan take kawarwa, don haka nauyinta ke rinjaye. Idan kuwa aka buɗe ƙarfen aka yi masa ciki kamar ƙwarya, zai kawar da ruwa mai yawa kafin ruwan ya kai bakinsa. Masuntan Argungu da ke kwanciya bisa gora suna bin wannan ƙa'ida ce. Karfasa ma haka: tana da jakar iska a cikinta, wadda take ƙara wa iska ko ta rage, don ta tsaya a zurfin da take so ba tare da wahala ba.

Ga lissafin da kowane ɗalibi zai iya yi. Mita ɗaya mai fuska shida ta ruwan kogi, wato tsawo da faɗi da zurfi duk mita ɗaya, nauyinta kilo 1,000 ne. A ce filin da wani kwalekwale ya mamaye a fuskar ruwa murabba'in mita 15 ne. Kowane kilo 150 da aka ƙara masa zai nutsar da shi santimita ɗaya. A ƙara mutum 30 masu nauyin kilo 60 kowanne, an ƙara kilo 1,800 ke nan, jirgin ya sauka santimita 12. In dama tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgin santimita 20 ce, saura 8 kacal, abin da ƙaramar igiyar ruwa za ta tsallake.

Sai dai iyo ɗaya ne daga cikin matsalolin, kuma shi ne mai sauƙi. Mai wuyar ita ce daidaito. Nauyin jirgi da kayansa yana taruwa a wani wuri da ake kira cibiyar nauyi, yana jan jirgin ƙasa. Turin ruwa kuma yana da tasa cibiyar. Idan jirgi ya karkata, cibiyar turin tana matsawa ɓangaren da ya nutse, ta mayar da shi daidai. Amma idan cibiyar nauyi ta yi sama da yawa, alal misali fasinjoji sun miƙe tsaye, ko an ɗora babura bisa buhuna, to turin ruwa ba zai iya mayar da jirgin ba, sai ma ya taimaka wajen kifar da shi. Ruwan da ya shigo cikin jirgi ya fi wannan sharri, domin yana kwarara zuwa ɓangaren da ya karkata ya ƙara masa nauyi. Faɗin jirgi kuwa yana da tasiri mai ban mamaki: ƙara shi kaɗan yana ƙara daidaito ninkin-ba-ninkin. Sarakuna ma sun sha kunya a nan. A 1628 jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa, wanda aka cika samansa da igogi, ya kife a tafiyarsa ta farko tun bai fita daga tashar Istokholm ba.

Mu a nan ba ma bukatar misali daga Turai. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya ɗauko mutane daga ƙauyen Badau zuwa Ɓagwai a Jihar Kano ya kife a madatsar ruwa ta Watari, mutum 29 aƙalla suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. A watan Mayu na wannan shekarar, wani ya nutse da ɗimbin fasinjoji a Kogin Kwara kusa da Wara, Jihar Kabi. Akan ɗora laifin ga masu fito, kuma lalle suna da nasu. Amma a ganina akwai giɓin ilimi: jirage nawa ne a kogunanmu aka auna, aka zana musu layin da lodi ba zai wuce ba? Ingila ta wajabta irin wannan layi tun 1876, bayan gwagwarmayar wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll.

Ina ake karantawa?

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Ribas da ke Fatakwal, wadda aka kafa a 1980 kuma aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Jihar Ribas a 2017, ta daɗe da sashen injiniyancin jiragen ruwa, inda ake koyar da zanen jirgi tare da ilimin injinansa. Akwai kuma Jami'ar Harkokin Teku ta Nijeriya a Okerenkoko, Jihar Delta, da ta fara karatu a 2018, da Makarantar Horon Ma'aikatan Jiragen Ruwa ta Oron a Akwa Ibom. Sharaɗin shiga irin na sauran fannonin injiniyanci ne: kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, sa'an nan jarrabawar JAMB. Digirin shekara 5 ne, har da watannin koyon aiki a masana'anta. Wanda bai samu gurbi a can ba yana iya karanta injiniyancin kanikanci a Bayero ko Ahmadu Bello, ya ƙware a fannin jirgi a digiri na biyu.

Ɗalibi zai karanta halayen ruwa mai tafiya, da ƙarfin ƙarfe da katako da walda, da zane da kwamfuta, da yadda farfela ke tura jirgi. Zai kuma koyi gwada ƙaramin samfuri a dogon kwarmin ruwa kafin a kashe kuɗi a ƙera babba, dabarar da William Froude ya kafa a Ingila wajen 1870. Kada malamai su ɓoye wa yara gaskiya: lissafin yana da nauyi, kuma wanda bai riƙe aljabara da tirigonometiri tun daga sakandare ba zai sha wuya. Aiki kuwa akwai shi a tashoshin jirage, da kamfanonin mai, da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida mai hedkwata a Lokoja, da rundunar sojan ruwa, wadda ma'aikatarta ta Ikko ta ƙera jiragen sintiri Andoni a 2012, Karaduwa a 2016 da Oji a 2021.

Jigawa ita kanta tana da aikin da ke jiran irin waɗannan masana. Bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, yanayin gudanar Kogin Haɗeja ya sauya, ciyawar kacalla ta mamaye hanyoyin ruwa daga Haɗeja har Nguru. Jirgin da zai yi aiki a can dole ya zama mai faɗin gindi, wanda ba ya nutsa da zurfi, mai farfelar da ciyawa ba za ta naɗe ba, kuma mai arahar da masunci ko manomin fadama zai iya saye, kafintan garinsu ya iya gyara masa.