Kafin Ka Sayi Janareta, Fara Lissafa Kayan Gidanka

Jihar Neja ce ke ɗauke da manyan madatsun ruwan da ke ba Najeriya lantarki: Kainji da aka kammala a 1968, da Shiroro mai megawat 600 tun 1990, sai Zungeru mai megawat 700 da ta biyo baya. Duk da haka mazaunin Bosso ko Tunga ko Kpakungu a Minna ya san yadda dare yake a watan Maris idan aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak. Wutar madatsun nan babban layin ƙasa take shiga, daga can ake yanka wa kowane kamfanin rarrabawa kasonsa. Shi ya sa janareta ya zama kayan gida a Minna. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa, kuskure wajen zaɓensa ya zama asarar da ake biya kullum a gidan mai.

Mutane da yawa sai sun isa shago suke tambayar wanne ya fi ƙarfi. Daga gida ya kamata a fara. Ɗauki takarda ka rubuta abin da dole ne ya yi aiki idan babu wuta, ka duba wat ɗin da aka rubuta a jikin kowanne. Ƙwan fitila na zamani shida ba su wuce wat 60 ba, fanka uku kimanin 210, talabijin da dikoda wajen 120, firji matsakaici kusan 200. Jimilla ba ta kai 600 ba.

Sai dai duk abin da ke da mota a cikinsa, kamar firji da firiza da sumon burtsatse, yana fizgar ninki biyu zuwa uku na wutarsa a daƙiƙar da zai tashi. Sumo mai ƙarfin doki ɗaya yana cin kimanin wat 750 idan ya kama aiki, amma wajen tashi yana iya neman 2,000. Nan ne za ka ji injin ya yi nishi, fitilu sun yi ja, wani lokacin ya mutu. Dutsen guga shi kaɗai yana cin wat 1,000 ko fiye, gara a bar shi sai an kawo wuta.

Kada lambar da aka manna a jikin tanki ta ruɗe ka, sau da yawa sunan samfuri ce kawai. Nemi ƙaramin allon da ke gefen injin, inda aka rubuta ƙarfin da zai iya riƙewa na tsawon awanni. Idan da kVA aka rubuta, ɗauki kashi 80 cikin 100: injin 2.5kVA bai wuce wat 2,000 ba. Ka bar sarari kamar kashi ɗaya cikin huɗu, domin injin da ake cika wa kaya kullum ba ya tsufa a hannu. Wanda ya yi wa gida girma kuma mai kawai yake sha. Daidai ruwa daidai tsaki.

A shago, tambayi ko kwayil ɗin na jan ƙarfe ne ko na alminiyam. Na jan ƙarfe ya fi tsada da nauyi, ya kuma fi jure zafi irin namu. Tabbatar yana da AVR mai daidaita ƙarfin wuta, don kada ya ƙona maka talabijin. Sa a tayar da shi a gabanka, a jona masa kaya. Kafin ka biya, je ka tambayi makanikin unguwarku ko ana samun kafireta da filoginsa a gari. Ƙaramin Tiger da ake gauraya wa fetur da baƙin mai ya isa fitilu da fanka, amma kada a ɗora masa firji.

Wurin ajiyewa ya fi duk wannan muhimmanci. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar guba da ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Tsoron ɓarayi ko ruwan damina kan sa a shigar da inji zaure ko kicin ko bakin tagar ɗaki, kuma an sha rasa iyali guda ta haka a ƙasar nan. A yi masa rumfa a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, salansar na kallon waje. Kada a zuba fetur yana aiki. A sa mai gyaran wuta ya haɗa canjoba, don kada wutar injin ta koma kan layi ta kama ma'aikacin da ke kan falwaya.

Idan buƙatarka fitila ce da fanka da cajin waya, gwada lissafin sola da inbata tukuna. Idan kuma janareta ne dole, je kasuwa da takardar lissafinka a aljihu, kuma kada ka kawo shi gida sai ka tanadi inda zai zauna a waje.