Shirin Musamman: Ɗakin Batura a Asibitoci da Ma'aikatun Gwamnati

Yau za mu leƙa wani ɗaki da ba kasafai ake buɗe shi ba a asibitoci da ma'aikatun gwamnati, wato ɗakin batura, inda inbata ko na'urar UPS ke zaman ko-ta-kwana.

A watan Oktoban 2024, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da dama sun kwashe kwanaki cikin duhu. A irin wannan hali, firjin allurar rigakafi da injin iskar oksijin da kwamfutocin ofis duk batir suke kallo. To me ke kashe batirin da aka saya da kuɗin jama'a tun bai je ko'ina ba, kuma yaya masu gyara ke gano laifinsa?

Batirin dalma mai bolt 12 ɗakuna shida gare shi a ciki, kowane yana ba da bolt biyu da ɗan ɗoriya. Idan ya cika caji ya huta, mita za ta nuna 12.6 zuwa 12.8. Idan ta tsaya wajen 10.5 duk da an caja shi, galibi ɗaki guda ne ya mutu.

Amma ƙwararren mai gyara ba ya yarda da mita kawai, don batirin da ya gaji yakan nuna lamba mai kyau muddin ba a ɗora masa kaya ba. Inbata mai bolt 48 batura huɗu ake jera mata. Sai mai gyara ya sa wa kowane lamba da alli, ya katse wutar NEPA, ya bar inbatar ta ɗauki kayan asibitin, sannan ya riƙa auna su ɗai-ɗai. Uku suna sauka a hankali, 12.4, 12.3. Na huɗu kuwa, kafin minti goma ya faɗo ƙasa da 11, inbata ta soma kuka, fitilu su mutu. Tafiyar ayari ce, gurgun jaki ɗaya ke tsayar da kowa.

Daga nan sai a nemi dalili. Babban maƙiyin batir a ƙasarmu zafi ne. Masu ƙera shi a kan digiri 25 suke lissafin shekarunsa, kuma duk ƙarin digiri goma yana rage masa kusan rabin rai. A Sakkwato da Kano da Maiduguri, zafin Afrilu yakan haura 40, ga ɗakin a rufe ba taga, ba fanka.

Na biyu yunwar caji. Batirin da ke kwana a zube, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan dalmarsa, har ya daina riƙe wuta. Cajin da ya wuce kima shi ma illa ne: caja ya kamata ya riƙe cikakken batir tsakanin 13.5 da 13.8, in ya zarce sai ruwa ya ƙafe, jikin batir ya kumbura, iskar haidirojin ta taru, wadda tartsatsi kaɗan ke sa ta fashe.

Wasu laifuffukan gyaransu ba wuya. Noti ya saki, a ɗaure. Farar hoda ta taru a kan batir, a wanke da ruwan bekin soda. Ruwa ya yi ƙasa, a ƙara tataccen ruwan batir, ba na rijiya ba, ba fiya wata ba, kuma ba asid ba. Amma wanda ya kumbura ko ɗakinsa ya mutu, sai canji. Kuma ba a haɗa sabo da tsofaffi a jeri ɗaya, don za su ja shi ƙasa.

Masu sauraro, sauran maganar tana cikin takardar kwangila. Dokar sayayya ta 2007, wadda ta kafa BPP, hukumar kula da sayayyar gwamnati, ta ce a bai wa mafi araha cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Idan sharaɗin bai wuce a kawo batura a ɗaura ba, ɗan kwangila zai iya kawo wanda ya shekara a sito ba caji, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Araha ba ta ado. Ya kamata takardar ta nemi ranar ƙira, da gwajin ɗaukar kaya kafin a biya, da garanti, da ziyarar injiniya a kai a kai, da littafin da za a riƙa rubuta awon kowane batir. Da wannan littafi ake gane mai rauni tun kafin ya ci amanar ɗakin tiyata.

Takardar ta kuma faɗi inda za a kai matattun baturan. Dalma guba ce. Mutanen Zamfara sun ga haka a 2010, lokacin da ƙurar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara. Bai kamata batirin gwamnati ya ƙare a hannun masu fasa shi a bayan gida ba.

A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Da fatan shugabannin asibitoci da ma'aikatu za su sa a buɗe ɗakin batura a auna su a wannan mako.