IDAN LIKITA MAI ZAFIN RAI NE, YAYA ABOKAN AIKINSA ZA SU YI?

Da yawa daga cikinmu a wannan makaranta, in aka tambaye mu abin da muke so mu zama, sai mu ce likita ko malamar jinya. Ni ma ina cikinsu. Saboda haka na ga ya kyautu in yi amfani da wannan fili in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu wani abu da na gani da idona a dogon hutun da ya wuce, da kuma abin da na koya a kansa.

Ciwon haƙarƙari ya kama kakata, aka kwantar da ita a wani babban asibiti, ni kuwa aka ce in zauna da ita. Kwanana goma sha biyu a ɗakin mata. Akwai wani likita da ke zagayen safe a ɗakin. Kowa ya shaida ya san aikinsa, amma fa in ya shigo sai ka ga malaman jinya sun sha jinin jikinsu. Abu kaɗan ne zai sa ya hau faɗa. Ran nan don an yi jinkirin kawo masa sakamakon gwajin jini, ya yi jifa da fayil, takardu suka watse a ƙarƙashin gadaje, ya ce wa wata ƙaramar malamar jinya jaka, a gaban marasa lafiya da masu jinyarsu. Ta durƙusa tana tsince takardun, hawaye na zuba.

Kashegari ya rubuta wa kakata allurar fenisilin. To, jikin kakata ba ya karɓar wannan magani, an kuma rubuta haka a katinta tun ranar da muka zo. Wannan ƙaramar malama ta gani, ta ɗauko allurar, ta tsaya a bakin gado ta kasa gaba ta kasa baya. In ta yi, ta san akwai haɗari. In ta yi magana, ta san abin da ya same ta jiya. Allah Ya taimake mu babbar sista ta lura da ita. Ta karɓi katin, ta je ta sami likitan, ta ce, "Likita, an rubuta a nan jikin wannan baiwar Allah ba ya karɓar fenisilin." Ya daka mata tsawa, wai ita za ta koya masa aiki? Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ja da baya ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ina tsoron abin da zai same ta. Ba zan yi mata ba sai ka duba katin." Ya fizge, ya duba, ya yi shiru, ya soke, ya rubuta wani magani.

Da muka koma gida na kwashe labarin na gaya wa gwaggona, wadda ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana aikin jinya. Yawancin abin da zan faɗa a nan daga bakinta na ji shi, saura kuwa daga takardun da ta ba ni na karanta.

Abu na farko da ta nuna mini shi ne, illar irin wannan hali ba ta tsaya ga ɓacin ran wanda aka zaga ba. Aikin asibiti aikin taro ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likita yakan ga mara lafiya na minti kaɗan, malamar jinya kuwa ita ke wuni da shi ta kwana da shi. In tsoro ya rufe mata baki, to likitan ya rasa idonsa da kunnensa ke nan. An ma gwada wannan. A shekarar 2015 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasar Isra'ila da ƙungiyoyi 24 na masu kula da jarirai, kowace ƙungiya likita ɗaya da malaman jinya biyu. Aka ba su mutum-mutumin jariri bakwaini su yi kamar suna ceton ransa. Waɗansu ƙungiyoyin aka sa wani baƙon masani ya yaɓa musu baƙar magana, waɗansu kuwa ba a yi musu ba. Waɗanda aka yaɓa wa maganar sai aikinsu ya ragu, wajen gano cutar da wajen yin magani, domin sun rage gaya wa juna abin da suka gani, sun kuma rage neman taimakon juna. Tun kafin nan, a 2008, babbar hukumar da ke tantance asibitoci a Amurka ta ja kunnen asibitoci cewa tsoratar da abokan aiki yana jawo kurakurai a kan marasa lafiya.

Na tambaye ta, to me ke sa mai ilimi irin wannan ya riƙa yin haka? Ta ce dalilai suna da yawa. Wani ya kwana ya wuni yana aiki bai runtsa ba. Wani layin marasa lafiya ya fi ƙarfinsa, ga likitoci suna barin ƙasa, ga ƙarancin kayan aiki, ga ɗaukewar wuta ana tsakiyar tiyata. Wani shi ma haka na gaba da shi suka yi masa sa'ad da yake koyo, har ya ɗauka haka ake yi. Wani kuwa shi kansa ba shi da lafiya, ko damuwa ta yi masa yawa, ko ya faɗa shaye-shaye. Sanin dalili yana taimakawa wajen neman magani, amma ba ya wanke laifi, don ita ma wadda aka zaga ba ta yi barcin ba.

Ga matakan da ta lissafa mini, bi da bi.

Na ɗaya, a lokacin da abin ke faruwa, mara lafiya ake fara dubawa. Kada a rama tsawa da tsawa, don ba a kashe wuta da wuta. A tsaya a kan maganar mara lafiya, a faɗi abin da aka gani a taƙaice, in bai ji ba a maimaita, kamar yadda sistar nan ta yi. In har ya ƙi, a kira na gaba da shi nan take. In kuwa abin ya kai ga duka ko jifa da kayan aiki, a kauce, a kira masu gadi da shugabanni.

Na biyu, in ƙura ta lafa, a same shi a keɓe. A faɗi abin da ya yi, da ranar da ya yi, da abin da ya haifar. Cewa "Jiya ka ce mini jaka a gaban marasa lafiya, har na ji tsoron nuna maka abin da ke katin" ta fi cewa "Kai ba ka da mutunci", domin ta farko ba ya iya musunta ta, ta biyu kuwa sabon faɗa za ta tayar. Wadda ba za ta iya tunkararsa ita kaɗai ba, ta tafi da shugabarta. A asibitin Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun mai da wannan tsari: ɗan'uwansa likita ne zai fara zama da shi su sha kofi, ya gaya masa abin da aka ce ya yi, ba tare da hukunci ba. Sai in ya ci gaba ne ake hawa mataki na gaba. Mu ma ai mun san wannan, nasiha a ɓoye ta fi shiga.

Na uku, a rubuta. Rana, lokaci, wuri, kalmomin da ya furta, waɗanda ke wurin, da abin da ya shafi mara lafiya. Kada a ƙara gishiri. Gwaggo ta ce ƙorafe-ƙorafe da yawa a nan suke mutuwa, don in aka ce wa mutum "yaushe?" sai ya ce "kullum", kullum kuwa ba hujja ba ce.

Na huɗu, in hali bai sake ba, a kai ƙara a rubuce ta hanyar da aka tsara: shugabar ɗaki, shugabar malaman jinya, shugaban sashen likitan, har zuwa shugaban asibiti. In mutum uku ko huɗu suka sa hannu, ya fi wuya a yi watsi da takardar, ya kuma fi wuya a tsangwami mutum ɗaya. Ƙungiyar malaman jinya da ungozoma ta ƙasa tana tsaya wa 'ya'yanta. Marasa lafiya da danginsu su ma suna da bakin magana, don asibitocin Gwamnatin Tarayya suna da teburin SERVICOM, shirin karɓar koke da aka kafa a 2004.

Na biyar, in laifin ya yi girma, akwai majalisar da ke yi wa likitoci rajista a Nijeriya, wadda ake kira MDCN a taƙaice, asalinta kuwa tun dokar 1963 ne. Ana kai mata ƙara da takardar rantsuwa. Kwamitin bincike ya duba, in ya ga akwai abin tuhuma ya miƙa wa kotun ladabtarwa ta likitoci. Wannan kotu tana iya jan kunnen likita, ko ta dakatar da shi, ko ta soke sunansa daga rajista.

Gwaggo ta ƙara da cewa nauyi mafi girma yana kan shugabanni. In suka kau da kai don likitan gwani ne, ko don ba su da wani, to sun koya wa kowa cewa yin shiru ya fi. Su ne kuma ya kamata su duba ko hutu yake bukata ko magani.

An rene mu a kan girmama na gaba da haƙuri, abu ne mai kyau ƙwarai. Amma na gane haƙuri daban, shiru daban. Sistar nan ta yi haƙuri da tsawa, ta ce "ranka ya daɗe", duk da haka ba ta yi shiru a kan allurar ba. Da ta yi, Allah kaɗai Ya san halin da kakata za ta shiga.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana, musamman manyan ɗalibai masu riƙe da muƙamai. Yadda muke yi wa 'yan aji ɗaya magana a ɗakin kwana da wurin cin abinci, haka za mu yi wa na ƙasa da mu gobe a wurin aiki, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyayenmu kuma ina roƙonsu, in suna koya mana ladabi, su haɗa mana da faɗin gaskiya cikin ladabin. Kakata dai ta warke, tana gida. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu kula da su da alheri, amin.