Yadda Ake Gyara Fallaye Da Yawa A Lokaci Guda A Aikin Katun

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, ni da abokan karatuna uku muka ɗauki alkawarin mayar da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi katun, domin a nuna a ranar bikin ɗaliban Hausa. Ana gobe biki, malaminmu ya duba aikin ya ce tsuntsayen da muka zana sun cika girma, har sun rufe fuskar Gizo. Tsuntsaye 36 ne, kowanne da fallensa. Na shiga rage su ɗaya bayan ɗaya, ga babu wuta, ga batirin kwamfuta na neman ƙarewa. Wata ɗaliba ta sashen zane ce ta tarar da ni, ta nuna mini hanya mafi sauƙi. Bahaushe ya ce rashin sani ya fi dare duhu. Abin da na koya a daren nan shi nake son bayyana wa mai karatu.

Mene Ne Falle?

Tun a shekarar 1914 wani Ba'amurke mai suna Earl Hurd ya yi rajistar dabarar zana mutum ko dabba a kan leda garai-garai, a ɗora ta a kan zanen fili, don kada a riƙa maimaita zanen filin. Manhajojin kwamfuta sun gaji wannan dabara. A After Effects, wadda muka yi amfani da ita, kowane hoto, rubutu ko sauti yana da nasa falle, an jera su wani kan wani.

Hanyoyin Gyara

Hanya ta farko ita ce zaɓen fallayen tare. Idan a jere suke, sai ka danna na farko, ka riƙe madannin Shift, ka danna na ƙarshe. Idan a warwatse suke, Ctrl za ka riƙe kana tsinto su. Daga nan ka danna S don girma, P don matsayi, R don juyawa, ko T don bayyana da dusashewar hoto. Duk abin da ka canja a ɗaya zai shafi sauran.

A nan ne na yi kuskure. Na rubuta 50 a gurbin girma, sai manya da ƙananan tsuntsaye duk suka koma kai ɗaya. Ashe idan ka rubuta lamba, kowane falle ita zai ɗauka. Idan kuwa ka ja lambar da linzami, ragi ɗaya za a yi wa kowa, bambancin da ke tsakaninsu ya tsaya yadda yake. Ctrl da Z ne suka cece ni.

Hanya ta biyu ita ce yi wa fallayen uwa. Za ka ƙirƙiri fallen wofi wanda ba ya fitowa a fim, wato nol, ka ɗaura sauran a jikinsa. In uwa ta matsa, ta juya ko ta ƙanƙance, 'ya'ya za su bi ta. Sai dai a kula: rage girman uwa yana rage tazarar da ke tsakanin 'ya'yan, kuma dusashewa ba ta cikin abin da suke gado.

Hanya ta uku ita ce fallen gyara. Duk launi ko duhun da ka sa masa zai sauka a kan fallayen da ke ƙarƙashinsa, ban da na samansa. Da shi muka mayar da rana dare a wurin da Gizo ya fita sata, ba tare da mun taɓa zane ko ɗaya ba.

Kammalawa

Kafin batirin ya mutu na gama da tsuntsayen, washegari aka nuna katun ɗinmu. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar wannan aiki ita ce, kafin ka taɓa falle na biyu, ka tsaya ka tambayi kanka: gyaran nan na ɗaya ne ko na kowa? Sannan ka adana kwafin aikinka kafin kowane babban gyara, domin hannun da ya gyara 36 a lokaci guda, shi ne kuma zai iya ɓata 36.