Yadda Magani Ya Riski Majinyata a Gida Lokacin Annobar Korona

A ranar 11 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Kafin watan ya ƙare an kafa dokar zaman gida a Legas da Ogun da Abuja, Kano kuma ta biyo baya a watan Afrilu. Dokar ta jefa masu ciwon sukari da hawan jini da tarin fuka, da masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, cikin halin gaba kura baya sayaki. Su ne suka saba zuwa asibiti karɓar magani a kai a kai, kuma da yawansu suna cikin waɗanda korona ta fi yi wa illa.

Yanke shan magani ga irin waɗannan majinyata ba ƙaramin haɗari ba ne. Maganin tarin fuka, alal misali, wata shida ake shan sa. Idan aka tsaya a tsakiya, ƙwayoyin cutar da suka rage sukan hayayyafa, har su kai ga bijire wa maganin. Haka abin yake ga ƙanjamau. A watan Yuli na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙasashe 73 suna fuskantar barazanar yankewar maganin ƙanjamau.

Sassan bayar da magani na asibitoci sun bi hanyoyi uku don shawo kan matsalar. Ta farko ita ce bai wa majinyacin da jikinsa ya daidaita maganin wata uku zuwa shida a lokaci guda. Ta biyu ita ce kai maganin gida, ko ajiye shi a wani kantin magani na kusa da majinyaci. Ta uku ita ce ganawa ta wayar tarho.

Wannan ta ukun ita ce ƙashin bayan sauran. Aikin masanin haɗa magunguna ya wuce ƙirga ƙwayoyi. Shi ne ke duba takardar likita, ya tabbatar adadin ya dace da shekaru da nauyin majinyaci, kuma babu magunguna biyu da za su yi karo a jiki. Ta waya yakan tambayi ƙwayoyi nawa suka rage, domin daga nan yake gane ko ana sha a kan ƙa'ida. Yakan kuma tambaya game da jiri ko ƙuraje ko amai, da ko ana haɗawa da maganin gargajiya.

Kai maganin ma yana da sharuɗɗa. Allurar insulin da ba a buɗe ba ana adana ta a sanyin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Salshiyos, saboda zafi yana rage mata ƙarfi. Don haka a akwatin sanyi ake ɗaukar ta. Bugu da ƙari, wajibi ne a rufe ƙunshin ba tare da alamar da za ta tona asirin ciwon mutum ga maƙwabta ba. Inda hanya ta yi nisa an yi amfani da jirage marasa matuƙa: a Gana, kamfanin Zipline, wanda ya fara aiki a can a 2019, ya yi jigilar alluran rigakafin korona a 2021.

Sai dai waya ba ta auna hawan jini, ba ta ɗibar jini. Dattijon da ba ya ji sosai, da mutumin karkara da ba shi da sabis, suna buƙatar wani ɗan'uwa ko ma'aikacin lafiya na kusa ya tsaya musu. A watan Mayu na 2023 an janye matsayin gaggawa na korona, amma bayar da maganin watanni da yawa ya ɗore a asibitoci, domin yana rage cunkoso da kuɗin mota. Abin lura ga majinyaci shi ne ya ajiye lambar wayar sashen magani, ya kuma kira tun kafin maganinsa ya ƙare.